Tambaya da Amsa: Soda Nawa Man Ja Yake Ci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara huɗu ke nan ina sana'ar sabulun wanki a gida. Awon da aka koya mini shi ne in jiƙa soda ta kwana, in gwada ƙarfinta da haidiromita, wato na'urar auna kaurin ruwa, har ta kai 1275, sannan in zuba awo ɗaya na ruwan soda a cikin awo biyu na man alayyadi, kuma ban taɓa samun matsala ba. A watan jiya alayyadi ya yi tsada, sai na sayi man ja lita 10, na dafa shi har jan ya fita, na haɗa shi da ruwan soda lita 5 kamar yadda na saba. Sabulun ya fito da tauri yana farfashewa, farin gari ya lulluɓe shi, masu saye kuma sun dawo suna cewa yana cin hannu. Wasu sun ce sodar ce jabu, wasu sun ce hannu aka sa mini. Mene ne gaskiyar lamarin, kuma akwai yadda zan ceto kayan?

Daga wata mai karatu a Kurna, Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya mayar da alheri, ya kuma sa wa sana'ar albarka. Ki kwantar da hankalinki, domin babu wanda ya sa miki hannu, sodar kuma ba jabu ba ce. Da jabu ce, da sabulun ya fito ruwa-ruwa yana tsatsar mai, ba ya cin hannun kowa. Abin da ya faru shi ne kin ba man ja abincin man alayyadi, alhali cikinsu ba ɗaya ba ne. Ki yi haƙuri in bi da ke ta hanya mai ɗan tsawo, saboda idan kika gane dalilin sau ɗaya, ba za ki sake dogara da awon da wani ya ba ki ba, ko da wane irin mai kasuwa ta kawo.

Sinadarai ba sa haɗuwa da juna bisa kwano ko gwangwani ko lita. Bisa ƙidaya suke haɗuwa, ƙwaya da ƙwaya. Kowace ƙwayar mai, na gyaɗa ne ko na ja ko kitsen shanu, tana da gindi ɗaya na gilisarin da jela uku a maƙale da shi, kuma aikin soda shi ne ta tsinke jelar nan, kowace jela ta koma ƙwayar sabulu ɗaya. Ƙwayar soda ɗaya jela ɗaya kacal take iya tsinkewa, saboda haka ƙwayar mai ɗaya tana bukatar ƙwayar soda uku, ba biyu ba, ba huɗu ba. Ki ɗauke shi kamar murhun gidan biki: kowace tukunya duwatsu uku take hawa. Idan kina da tukwane goma kuma aka kawo miki duwatsu arba'in, talatin ne za su shiga aiki, goman da suka rage kuwa suna nan a tsakar gida sai dai su yi wa mutane tuntuɓe. Sodar da ta rage ba ta samu man da za ta ci ba ita ce take cin hannun masu sayen sabulunki, kuma ita ce idan ta fito saman sabulun ta gamu da iskar kabon da ke yawo a sarari take rikiɗa ta zama farin garin da kika gani. Wani masani ɗan ƙasar Faransa mai suna Michel Chevreul ne ya bayyana wannan aiki na soda a kan kitse a binciken da ya wallafa a shekarar 1823, ko da yake mutane sun daɗe ƙwarai suna yin sabulu kafin a san dalilinsa, kamar yadda iyayenmu suke yin sabulun salo da ruwan toka.

Sai dai babu mai iya zama ya ƙirga ƙwayoyin nan, don ƙanƙantarsu ta wuce gani. Shi ya sa masana suka tanadi wani awo da suke kira mol, wanda yake kamar dozin, sai dai maimakon 12, adadinsa shi ne 602 da sifili 21 a bayanta. Dozin ɗin ƙwai da dozin ɗin kankana adadinsu ɗaya amma nauyinsu ya bambanta, haka ma mol. Mol ɗaya na soda, wadda ake rubutawa NaOH, nauyinsa giram 40 ne, kuma ana samun wannan ne ta tara nauyin abubuwan da suka gina ta: sodiyam 23, oksijin 16, haidirojin 1. Ta haka sikeli yake zama na'urar ƙidaya. Wannan lissafi shi ake kira sitoikiyometiri, sunan da wani Bajamushe, Jeremias Richter, ya raɗa masa a shekarar 1792 daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin asalin sinadari da kuma awo. Ni dai lissafin awon sinadarai nake kiransa idan ina magana da masu sana'a.

Yanzu ga inda alayyadi da man ja suka rabu, duk da cewa bishiya ɗaya ta haife su, ɗaya daga ƙwallon ciki, ɗaya daga naman da ke lulluɓe da shi. Jelar man alayyadi gajeru ne, kusan rabinsu masu ƙwayoyin sinadarin kabon 12 ne a jere, yayin da mafi yawan jelar man ja masu kabon 16 ne da 18. Don haka ƙwayar alayyadi ta fi sauƙin nauyi: mol ɗinsa yana kai wajen giram 690, na man ja kuwa wajen giram 845. Tun da kowane mol na mai yana cin mol uku na soda, wato giram 120, sai mu raba. Giram 120 a kan 690 ya ba mu kusan 0.175, giram 120 a kan 845 kuma ya ba mu 0.142. Ma'ana, kilo ɗaya na alayyadi yana cinye soda giram 175, amma kilo ɗaya na man ja giram 142 kawai yake iya ci. Dalilin a bayyane yake: kilo ɗaya na aya ya fi kilo ɗaya na goro yawan ƙwayoyi, kuma yawan ƙwayoyin ne ke neman soda, ba nauyinsu ba.

Bari mu ɗora wannan a kan haɗinki. Ruwan sodar da haidiromita ta nuna 1275 yana nufin lita ɗaya tana da nauyin giram 1275, kuma a wannan kauri kusan kashi 25 cikin 100 na nauyin soda ce zalla, wato giram 319 a kowace lita. Lita 5 da kika zuba tana ɗauke da soda giram 1595. Mai kuwa ya fi ruwa sauƙi, litarsa ɗaya wajen giram 900 ce, saboda haka lita 10 kilo 9 ke nan. Da alayyadi ne, da kilo 9 sun nemi giram 1575, wanda ya yi kusan daidai da abin da kike zubawa, bambancin giram 20 ne kawai. Na daɗe ina jinjina wa duk wanda ya fara daidaita awon nan na biyu da ɗaya, domin ko da lissafi ya kai gare shi ko da yawan gwaji, ya dace ƙwarai, illa dai na alayyadi ne kawai, kuma abin takaici masu koyar da sana'ar ba kasafai suke faɗa wa ɗalibansu haka ba. Kilo 9 na man ja giram 1278 kawai suke bukata. Kin zuba 1595. Rarar giram 317 ce, kusan lita guda cur ta ruwan soda, tana zaune cikin sabulun ba ta da aikin yi sai ƙona fata.

Kayan ba su lalace ba, amma ki daina sayar da su a yadda suke, kuma idan da hali ki karɓo waɗanda suka fita. Gyaran shi ne a ba rarar sodar man da za ta ci. Idan aka raba 317 da 0.142, za a samu kusan kilo 2 da giram 230 na man ja, wato wajen lita biyu da rabi, kuma ina ba ki shawarar ki cika shi lita uku don a tabbata sodar ta ƙare. Ki goge sabulun ya zama ƙanana, ki yayyafa masa ruwa ya kwana, ki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan har ya narke, ki zuba man kina juyawa har ya haɗe ya yi kama da tuwon da ya nuna, sannan ki sake zubawa a mazubi. Ba zai yi santsin fuska kamar na farko ba, amma zai yi wanki lafiya. Idan wani ɓangare ya riga ya fita daga hannunki, sai ki rage man gwargwadon abin da ya rage: rabin kaya, rabin mai.

Don gaba, ga lambobin da suka fi shafar masu sana'a a nan, kowanne yana nuna giram ɗin sodar da kilo ɗaya na mai yake ci. Man kaɗe wajen 128, man gyaɗa wajen 137, man ja 142, kitsen shanu wajen 143, alayyadi wajen 175, man kwakwa wajen 183. Waɗannan matsakaitan lambobi ne, domin mai abin gona ne, na wannan shekara da na waccan ba sa zama ɗaya sak. Shi ya sa ake rage kashi 5 cikin 100 daga sodar da lissafi ya bayar, a bar ɗan mai ya yi rara. Rarar mai kaɗan tana tausasa fata, rarar soda kuwa ko kaɗan ce cuta ce. A sabulun wanki zalla ana iya rage kashi 2 kawai, don kada ya bar maiƙo a tufafi.

Mu ce kina son haɗa man ja kilo 3 da alayyadi kilo 2, wanda haɗi ne mai kyau tun da alayyadi ke kawo kumfa. Man ja zai ci 3 sau 142, wato giram 426, alayyadi zai ci 2 sau 175, wato giram 350, jimla 776. Ki cire kashi 5, ya rage giram 737. Ko dai ki auna busasshiyar soda giram 737 ki narkar da ita a ruwan da ya ninka nauyinta biyu, ko kuma ki ɗebi lita 2.3 daga ruwan sodarki na 1275. Ruwan kansa ba ya shiga lissafin ƙwaya uku da ɗaya, aikinsa ya narkar da soda ya kai ta ga mai, yawancin abin da ya yi yawa kuma zai bushe a makonni huɗu zuwa shida da ake barin sabulu ya sha iska.

Abin da na fi so ki ɗauka daga amsar nan shi ne ki sayi sikeli mai nuna giram, irin na masu yin kek, ana samunsa a kasuwar Sabon Gari, kuɗinsa kuma bai kai asarar haɗi ɗaya ba. Awon gwangwani yana yaudara, musamman a nan Kano: da hunturu man ja da alayyadi suna daskarewa su bar rami a cikin mazubi, da bazara kuma su narke su kumbura, alhali kilo ɗaya kilo ɗaya ne a kowane lokaci. Da damina kuma sodar ce abin lura, domin tana zuƙar laima daga iska, idan aka bar bakin buhun a buɗe sai ta yi nauyin da ba nata ba, ƙarfinta kuma ya ragu. Ki riƙa ɗaure ta tam. Haidiromita kuma a ruwan da ya huce ake gwada ta, wannan ne hikimar barin sodar ta kwana.

Ba zan bar wannan tambaya ba sai na yi maganar kariya, domin soda ba abin wasa ba ce. Kullum soda ake zubawa a cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a kan soda, saboda zafin da take fitarwa yana iya sa ta tafasa ta fantsamo. Kada a haɗa ta a tukunyar alminiyam, don tana cin ƙarfen tana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta. Roba mai kauri ita ce daidai. A sa safar hannu da tabarau. Idan ta taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na tsawon aƙalla minti 15, a garzaya asibiti idan ido ne. Ina roƙon duk mai wannan sana'a kada ta taɓa ajiye ruwan soda a gorar ruwan sha ko ta lemo, kuma kada ta bar shi ya kwana inda yaro zai kai hannu, domin kamarsa ɗaya da ruwa, kurɓi ɗaya kuma yana iya ƙone maƙogwaron yaro ya bar masa lahanin da zai daɗe yana fama da shi.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a aji biyu na babbar sakandare. Na zuba ruwan khal mililita 100 a gora, na zuba sodar girki cokali ɗaya, na rufe bakin da balan-balan, ta kumbura. Da na sake gwadawa da soda cokali huɗu don ta ƙara girma, girmanta bai canza ba, sai farin gari ya kwanta a ƙasa. Me ya sa?

Daga wani ɗalibi a Gwale.

Amsa: Madalla da wannan gwaji, ɗana, kuma na ji daɗi da ka lura da garin da ya kwanta, domin amsar tana cikinsa. Sodar girki, NaHCO3, ba ita ce sodar sabulu ba, kada ka taɓa musanya su. Mol ɗinta giram 84 ne: sodiyam 23, haidirojin 1, kabon 12, oksijin uku 48. Tsamin da ke cikin khal, CH3COOH, mol ɗinsa giram 60 ne, kuma su biyun ɗaya da ɗaya suke haɗuwa, su ba da gishirin sodiyam asitet, da ruwa, da iskar kabon, CO2, wadda ita ce ke hura balan-balan ɗinka.

Duba jikin kwalbar khal ɗin, galibi za ka ga an rubuta kashi 5 cikin 100. Wato a mililita 100 tsamin gaske giram 5 ne kawai, sauran duk ruwa ne. Giram 5 a raba da 60 ya zama mol 0.083, kuma wannan adadin sau 84 ya ba da giram 7 na soda, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya da rabi. Cokalin cin abinci ɗaya ma ya riga ya wuce haka, saboda haka tun a gwajinka na farko khal ɗin ya ƙare. A darasinku shi ake kira sinadarin da ke iyakance haɗi, wato wanda ya fara ƙarewa, aiki ya tsaya da ƙarewarsa. Iskar da za ta fito ita ma mol 0.083 ce, nauyinta giram 3.7, kuma tun da mol ɗaya na iska yana cika wajen lita 24 zuwa 25 a zafin ɗaki, lita 2 ce iyakarka, har ma ƙasa da haka kaɗan saboda wani kaso yana narkewa a ruwan. Idan kana son ninki biyu, ka ninka khal ɗin zuwa mililita 200 da soda giram 14. Kada ka taɓa rufe gorar da murfinta.

Ga wani gwajin da zan so ka yi idan ka samu sikeli. Ka auna gorar da khal da sodar kafin ka haɗa, ka haɗa su baki a buɗe, ka girgiza, ka sake aunawa bayan kumfa ta kwanta. Za ka ga nauyi ya ragu da wajen giram 3, kuma ba ɓacewa ya yi ba, iskar ce ta tafi da shi. Wannan ita ce ƙa'idar da masanin Faransa Antoine Lavoisier ya shimfiɗa a shekarar 1789, cewa nauyin abin da ya shiga haɗi daidai yake da nauyin abin da ya fita, kuma a kanta duk lissafin nan ya tsaya. Ka kuma faɗa wa mutanen gida cewa cakuɗa khal da soda a kwano kafin a goge kaya ba ya ƙara musu ƙarfi, kashe juna suke yi, abin da zai rage ruwan gishiri ne. Gara a yi amfani da kowanne shi kaɗai, khal don farin dattin da ruwan rijiya ke bari a buta, soda don maiƙo.

Tambaya: Zan iya sa kanwa a madadin soda, kuma nawa zan auna?

Daga wata mai karatu a Yakasai.

Amsa: Malama, a nan lissafi ba zai yi miki aiki ba. Kanwa ba sinadari ɗaya ba ce, gaurayen sodiyam kabonet ne da bikabonet da gishiri da ƙasa, kuma jar kanwa da ungurnu da farar kanwa kowacce da nata ƙarfin, har dunƙule biyu daga buhu ɗaya a kasuwar Kurmi suna iya bambanta. Lissafin mol yana bukatar a san abin da ake aunawa. A wake da ɗanwake da miyar kuka, inda harshe ne alƙali, ki ci gaba da jiƙa ta kina tsiyayar ruwan kaɗan-kaɗan. A sabulu kuwa ƙarfinta bai kai ya cinye mai ba tare da doguwar dahuwa ba, kuma ba za ki san inda haɗin ya tsaya ba, don haka ki tsaya ga soda.

Tambaya: Wane awo ne daidai idan zan haɗa bilic da ruwan wanke masai don banɗaki ya fi haske?

Daga wani magidanci a Sharaɗa.

Amsa: Babu awon da ya dace, Alhaji, ko cokali ɗaya kada ka haɗa. Bilic sodiyam haifokulorait ne, yawancin ruwan wanke masai kuma asid ne, haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin mai ƙona ido da huhu, banɗaki kuwa wuri ne matsattse da iska ba ta zagayawa sosai. Haka abin yake idan aka haɗa bilic da khal ko ruwan lemon tsami, idan kuma ya gamu da amoniya sai ya fitar da wata iskar mai guba da ake kira kuloramin. Ka wanke da ɗaya, ka ɗauraye da ruwa mai yawa, sannan ka kawo ɗayan. Idan an riga an haɗa bisa kuskure, kowa ya fita, a buɗe ƙofa da taga, kuma duk wanda tari ko sarƙewar numfashi ta kama a kai shi asibiti nan take.